Gwaggo Ta Cika Mini Taswira da Ƙarya, Ni Kuma Na Kamu da Son Kaɗanya

Assalamu alaikum Anti Habiba,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin a buɗe rajistar JAMB, domin kaina ya ɗaure kuma na kasa faɗa wa kowa a gida. Ni ɗaliba ce 'yar aji shida a wata sakandare a nan Birnin Gwari. Ina roƙon kada ki sa sunana, saboda Baba yana da abokai masu karanta wannan fili, kuma ba sa iya riƙe magana. Ki yi haƙuri idan wasiƙar ta yi tsawo. A gaban babba ba na iya haɗa magana ba tare da na koma kallon yatsun ƙafata ba, shi ya sa idan na samu takarda sai in kasa tsayawa.

Tun ina aji huɗu malamarmu ta kwamfuta, Malama Sabina, ta lura cewa idan an tashi tara ina zama a ɗakin kwamfuta ni kaɗai. Ta ɗauka son na'urar ne ya zaunar da ni, alhali hayaniyar waje nake gudu. Sai ta fara koya mini rubuta manhaja da Python, tana ba ni ƙananan ayyuka. Anti, ban taɓa samun abin da ya dace da halina irin wannan ba. Kwamfuta ba ta kallon idonka, ba ta yi maka dariya idan ka yi kuskure, layin da ka ɓata kawai take nuna maka ta jira ka gyara. Abin da na fara yi shi ne wani ɗan wasan lissafi na ƙannena, wanda idan ka ci yake cewa madalla, idan ka faɗi ya ce a sake lale.

Baba ɗan kasuwa ne, masara yake saye a ƙauyukan Kuyello yana lodawa zuwa Kaduna. Ranar da ya ga wasan nan yana aiki a wayarsa, sai da ya kai ta majalisarsu ya sa dattawa yin lissafin sau. Da kaka ta yi ya dawo mini da kwamfutar cinya ta hannu, ya naɗe ta cikin babbar rigarsa ya rungume tun daga Kaduna saboda ramukan hanya. Tun daga ranar sunana ya ɓace a bakinsa, sai Injiniya. Duk wanda wayarsa ta ƙi caji a unguwarmu wurina Baba yake turo shi. Ni ban iya gyaran waya ba, amma kunya ba ta barina in faɗa, sai in karɓa in busa ramin cajin, wani lokaci kuma Allah ya taimake ni ta kama.

To, abin ya faro ne a dogon hutun daminar da ta wuce. Yayar Baba, Gwaggo Talatu, tana zaune a wani ƙauye ta wajen Kutemeshi. Shekarun baya ba ma zuwa, kin san halin da yankinmu ya shiga. Da aka samu sauƙi sai Baba ya bar ni na je mata hutu. Kafin a rufe makaranta Malama Sabina ta ba mu aiki, ta ce kowa ya yi manhajar da za ta sauƙaƙa wa mutanensa wata wahala. Da na isa na tarar lokacin tsintar kaɗanya ne. Mata suna fita da sassafe zuwa bakin daji, wata ta dawo da kwano cike, wata ta yi ta yawo ta dawo da rabi. Sai na ce a raina na samu aikina: zan yi musu taswirar itatuwan da suka fi zuba, kowa ta huta da bilinbituwa.

Na yi manhajar da sauƙi don ko wadda ba ta karatu ta iya. Maɓalli ɗaya ne babba, kore. Idan kin tsaya a gindin itacen kirki sai ki danna, wayar ta adana wurin ko babu sabis. Na sa ta a wata tsohuwar waya, na bi gida gida da kaina a sunkuye ina roƙon su riƙa fita da ita bi da bi. Babu wadda ta musa. Hannu biyu suka karɓa suna sa mini albarka, Gwaggo ma a haɓar zani ta ƙulle ta kamar kuɗin cefane. Kafin wani lokaci taswirata ta cika da ɗige ɗige, gwanin kyau. Na kira Malama Sabina ina murna, ta yaba, amma ta ce kafin in kawo in je in ga wasu daga cikin itatuwan da idona, in ɗauko hotonsu.

'Yar Gwaggo, Lailatu, wadda abokiyar wasana ce, ita ta raka ni. Tun a hanya na ga tana cizon leɓe, ban kawo komai ba. Ɗigo na farko da muka bi, suri muka tarar, dogo ya fi ni tsayi. Na gaba tsamiya ce. Wani ya kai mu tsakiyar gonar dawa inda ko inuwar itace babu. Wani kuma, ki gafarce ni Anti, sai da ya zaga da mu ya dawo da mu bayan gidan Gwaggo, ya tsaya daidai ƙofar makewayi. Itatuwan kaɗanyar gaske da muka samu su ne na bakin hanya da kowa ya sani, waɗanda ko awaki sai sun yi shawara kafin su ci.

Na koma ɗaki da hawaye, na wuni ina bin manhajar layi bayan layi ina neman inda na ɓata, ban samu ba. Da yamma matan suka taru a tsakar gida suna dafa 'ya'yan kaɗanya, Lailatu ta fasa labarin suri. Ban taɓa ganin manyan mata sun yi dariya irin ta ranar ba. Gwaggo sai da ɗankwalinta ya faɗi. Da ta samu numfashi ta jawo ni jikinta ta yi mini bayani: mace ba ta faɗin inda itacenta yake, ko ga wadda suka sha nono ɗaya. Wata ma idan za ta yamma sai ta fita ta gabas, sai ta ɓace wa idon mutane sannan ta karkata. Ta ce sun kasa ce mini a'a ne saboda ni 'yarsu ce kuma baƙuwa, ga shi na roƙa da ladabi, don haka kowa ta danna inda Allah ya nufa. Wata maƙwabciya, Inna Saliha, ta ce ita duk inda ta sauke kaya ta huta nan take dannawa, in ina son taswirar ciwon baya to na samu. Da aka tambayi Gwaggo zancen makewayi, ta ce ita ba ta yi ƙarya ba, ai shi ma wuri ne da ake zuwa kowace safiya. Tun ina ɓoye fuska har na shiga cikin masu dariyar. Malama Sabina da ta ji, ita ma sai da ta ajiye wayar saboda dariya ta sake kira. Ta ce in kwantar da hankalina, manhajata ba ta da laifi, ta adana kowace ƙarya daidai inda aka yi ta.

Washegari Gwaggo ta ce tunda ta sa ni kuka za ta fita da ni, da sharaɗin in bar waya a gida kuma in riƙe bakina. Don haka ke ma ba zan gaya miki wurin ba. Abin da zan iya faɗa shi ne raɓa ta jiƙa ni har gwiwa, kuma da muka isa ƙasa shimfiɗe take da 'ya'yan da suka zubo, wasu jemagu sun riga mu ɗanɗanawa, ga wani ƙamshi da ban san yadda zan rubuta shi ba. Na sha har sai da Gwaggo ta ce tsinta na zo ko kiwo. Kusa da itacen akwai wani, tsayinsu ɗaya, ƙasarsu ɗaya, amma 'ya'yansa ba su da zaƙi ko kaɗan. Na tambayi dalili, ta ce haka Allah ya yi su. Na yarda, amma na so in san ta wace hanya ya yi su haka. Na kuma lura duk itatuwan tsofaffi ne, ga kututturan waɗanda masu gawayi suka sare, amma ban ga ƙanana masu tasowa ba. Da na tambayi wa yake shuka kaɗanya, sai ta dube ni kamar na ce wa yake shuka dutse.

Na dawo gida da ɗanyun ƙwallayen kaɗanya, na shuka su a ledojin fiya wata a bayan madafi. Makonni suka wuce babu ko tsiro, ƙannena suna ta tsokana wai a zo a ga gonar Injiniya. Wata rana na fusata na tone ɗaya don in zubar, sai ga saiwa doguwa fara ta nutsa har ta huda ledar. Ashe ƙasa take fara yi kafin ta leƙo sama. Na mayar da ita ina ba ta haƙuri. Ranar da ganyen farko ya fito, ɗan ja ja mai sheƙi, na yi ta zagaya tsakar gida ban san abin da nake nema ba, har Umma ta tambaye ni ko sakamakon jarrabawa ne ya fito.

Yanzu kwamfutar da Baba ya saya mini ta cika da hotunan ganye da zanen da nake yi musu. Na karanta cewa ana iya yi wa kaɗanya aure kamar mangwaro don ta yi saurin 'ya'ya, na kuma gano ana karanta ilimin gandun daji a jami'a. Matsalar ita ce darussan da zan rubuta a JAMB don shi ba duka ne suka zo ɗaya da na kimiyyar kwamfuta ba, dole in tsayar da ɗaya kafin rajista. Ba wai na daina son manhaja ba ne, har yanzu idan na zauna rubutawa sai a kira ni cin abinci a gaji. Ƙawata Blessing ta ce kowa yana neman hanyar fita daga daji ni ina neman takardar shaidar shiga. Malama Sabina ta ce duk wanda na ɗauka za ta tsaya mini, amma ba za ta zaɓa mini ba.

Babban abin shi ne Baba. Shi a wurinsa daji shi ne abin da ya raba shi da gonarsa shekara da shekaru, malamin daji kuwa mai kaki ne da ke kama masu saran itace. Na yi niyyar yi masa maganar, na kai masa abinci na durƙusa, da ya ɗago ya ce Injiniya yaya dai, sai na ji bakina yana tambayarsa ko a ƙaro yaji. Anti, wanne zan karanta? Akwai aiki a gandun daji ga 'ya mace? Kuma ta yaya zan faɗa wa mutumin da yake alfahari da ni haka ba tare da na kashe masa jiki ba?

'Yarki mai kunya,
Birnin Gwari

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata,

Na yi dariya har abokan aikina suka leƙo. Wasiƙu da yawa suna zuwa nan daga waɗanda ba su san abin da suke so ba. Ke abu biyu kike so, kuma kin taɓa kowanne da hannunki. Wannan arziki ne, sai dai a san yadda za a tsara shi.

Bari in auna miki su tsakani da Allah. Kimiyyar kwamfuta tana da ƙofofin aiki da yawa, wasu ma daga ɗakinki za ki yi su, kuma jami'a za ta ba ki zurfin da koyon gida ba ya bayarwa cikin sauƙi. Amma masu shigarta sun yi yawa, kuma masu ɗaukar aiki abin da kika gina suke tambaya kafin su dubi takarda. Gandun daji kuwa, ba zan ɓoye miki ba, guraben aikin gwamnati a can kaɗan ne, akwai rana da tafiya, kuma za ki sha tambayar me ya kai ki. Amma ba kaki da kamun masu gatari ne kaɗai ba. Akwai bincike, da renon dashe, da koyarwa, da masu harkar man kaɗe, da ƙungiyoyin da ke farfaɗo da dazuka, kuma mata suna cikin duka waɗannan. Aikin ma yanzu ya koma taswira da hotunan tauraron ɗan'adam da lissafi, kuma wanda ya san itace ya kuma iya rubuta manhaja ba a samunsa a ko'ina.

Tambayar da zan so ki yi wa kanki ita ce: wanne zan iya ci gaba da koyo ko babu jami'a? Manhaja kin koye ta da malama ɗaya da kwamfuta ta hannu, kuma hanyar ƙaro ta a buɗe take gare ki. Dalilin da ya sa wannan itace yake da zaƙi maƙwabcinsa babu, wannan sai da ɗakin gwaji da malamai da shekaru. Shi ya sa ni, idan ra'ayina kike nema, na fi karkata ga gandun daji, da sharaɗin ba za ki ajiye manhaja ko na zangon karatu ɗaya ba. Amma damina ɗaya ce kacal kika yi da wannan so, don haka ki gwada shi kafin ki ɗora masa rayuwarki. Ki roƙi Malama Sabina ta haɗa ki da wani ko wata da ta karanta fannin, da wani da ya karanta kwamfuta. Ki tambaye su abin da suke yi daga safe zuwa yamma, da yadda suka samu aikin farko, da abin da suka yi nadama. In kin ji duka zuciyarki ta koma kan kwamfuta, ki bi ta ba tare da jin kin ci amanar kowa ba, itatuwa za su samu mai rubuta musu manhaja.

Ku zauna da malamarki ku duba littafin jagorar JAMB na bana, domin sharuɗɗan jami'o'i suna bambanta. Ranar rajista kuma ki tafi da zaɓinki a tsaye. Na san irinki, mai shagon rajista zai ce kowa kaza yake cikewa, ke kuma ki ce to.

Game da su Gwaggo, sun ba ki darasin da wasu sai sun gama digiri suke koya: a tambayi mutane abin da suke so kafin a gina musu. Ki kuma yi tunani a kan wannan. Taswirar da ke nuna inda mata suke tsayawa da sassafe a bakin daji ba abin bari a waya ba ce, ko da an samu sauƙi. Ɓoyon da suke yi yana tsare musu abinci, yana kuma tsare su. Ke ma kada son itace ya sa ki shiga inda manya ba su ce a shiga ba.

Saura Baba. Mutumin da ya rungumo miki kwamfuta a kan wannan hanya ba na'urar yake so ba, ke yake so, kuma yana son ki yi nesa da abin da ya wahalar da shi. Tsoronsa yana da tushe, kada ki raina shi, kada kuma ki yi rajista a ɓoye. Ki fara da Umma. Sannan ki aika wa Gwaggo Talatu, ita ce yayarsa, ita ce kuma ta jawo wannan magana, sai ta zo ta ɗauki rabonta. Ita za ta buɗe zancen ta sa shi dariya, amma jimlar da ke cewa ga abin da nake so in karanta, daga bakinki za ta fito. Ki nuna masa irin ayyukan da ake yi da kwamfuta a fannin, ya ga kyautarsa ba ta tashi a banza ba. Idan ya ce a'a, ki saurari dalilinsa har ƙarshe, ki roƙi ya yi magana da Malama Sabina kafin ya yanke. Ko da a ƙarshe kwamfutar aka tsayar, mutane da yawa sun fara da ita suka ƙarasa a binciken noma da dazuka. Abu ɗaya ne kawai ba na so ya faru, wato ki yi shiru har a rufe rajista, kunya ta zaɓa miki abin da za ki yi shekaru kina karantawa.

Ki yi maganar cikin makon nan, ko muryarki tana rawa. Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa, ya sa albarka a abin da kika zaɓa, ya ƙara zaunar mana da Birnin Gwari lafiya.

Taki,
Anti Habiba